Katikis: Mai Riƙon Coci Ranar da Fada Ba Ya Nan

A karkarar arewacin Najeriya, farish ɗin Katolika ba majami'a ɗaya ba ce. Akwai babbar coci a garin da Fada, wato firist, yake zaune, sannan ga rassa warwatse a ƙauyuka, wani farish 10, wani 20, wani ma fiye da haka. Lahadi kuwa ɗaya ce a mako, kuma dokar Ikilisiya ta tsayar cewa ko inda ake ƙarancin firistoci, Mas 3 ne iyakar abin da bishop zai yarje wa Fada ɗaya ya yi a ranar. Idan damina ta kankama, rafi ya kawo, laka ta cinye hanya, akwai ƙauyen da zai yi wata biyu bai ji ƙarar babur ɗinsa ba. Duk da haka kowace Lahadi sai an daki tsohon ƙarfen da aka rataye a bishiya, an share ɗakin sujada, an jera benci, an yi karatu da waƙa da addu'a, an watse cikin tsari. Mutumin da ke tsaye a kan wannan shi ne katikis.

Shi ba firist ba ne. Bishop bai ɗora masa hannu ba, bai kuma ɗauki alkawarin zama ba aure ba. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya, galibi manomi, wani lokaci malamin firamare ko tela, a wasu wuraren kuma mace ce ke riƙe da aikin. Akwai waɗanda ake ba ɗan alawus, da yawa kuwa aikin sa kai suke yi, tuwon gidansu daga gonarsu yake fitowa. Cocin Katolika na da ƙofofi masu yawa ga wanda yake son yin hidima ba tare da ya zama limami ba. Akwai masu karanta Littafi Mai Tsarki a gaban jama'a, da 'yan kwaya, da yaran da ke hidima a bagade, da masu tsara wurin zama su karɓi baiko. Akwai Zumuntar Mata Katolika da ankonsu da tulunan kiɗansu, waɗanda ba a suna ko jana'iza ba tare da su ba. Akwai ƙungiyar Legion of Mary da Frank Duff ya kafa a Dublin a 1921, wadda 'ya'yanta ke fita bibbiyu suna ziyarar gidaje, da ta Saint Vincent de Paul da aka fara a birnin Paris a 1833 don kula da matalauta. A cocin birni ɗaruruwan mutane ne ke raba waɗannan ayyuka tsakaninsu. A reshen ƙauye kuwa duk a ƙofar gidan mutum ɗaya suke taruwa, shi zai nemo wanda zai yi, ya koya masa, in babu kowa ya yi da kansa.

Abin da ke burge ni a aikin shi ne yana neman halaye biyu da ba kasafai suke haɗuwa a mutum ɗaya ba. Ana so ya cika duk abin da aka ɗora masa ba ragi, da ƙarfin zuciyar shugaba, kuma ya san daidai inda iyakarsa take, ya tsaya cak a nan ko da babu mai ganinsa.

Lahadin katikis tun Laraba ko Alhamis take farawa. Ba shi ke zaɓar abin da za a karanta ba. Tun 1969 Ikilisiya ta tsara karatun Lahadi a kan zagayen shekara 3: shekarar farko Bisharar Matiyu, ta biyu Markus, ta uku Luka, Yohanna kuma ana shigo da shi musamman a lokacin azumi da na Ista. Kowace Lahadi akwai karatu na farko, yawanci daga Tsohon Alkawari, sai Zabura, sai karatu na biyu daga wasiƙun manzanni, sannan Bishara. Abin da za a karanta a majami'ar Bitrus da ke Roma shi ne za a karanta a ɗakin jinka a wani ƙauyen Kafur ko Zuru, kuma alhakin katikis ne kada ƙauyensa ya kauce daga wannan sahu. Dole ya san kalandar Ikilisiya kamar yadda ya san watannin shuka, ya san cewa a kwana 40 na azumi ba a rera Halleluya, ya gaya wa shugaban kwaya tun da wuri don kada a zo da waƙar murna a ranar tuba.

Sai karatun kansa, wanda mutane ke ɗauka abu ne mai sauƙi. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, wani bugun ma ba ya bambanta haruffa masu lanƙwasa da marasa ita. Wanda ya fara cin karo da layi a gaban jama'a sai ya karanta rabin jimla kafin ya gane ya ɗauki kalma da muryar da ba tata ba, ya dawo baya, hankalin masu sauraro ya watse. Ga sunaye irin su Nebukadnezzar da Malkisadik, ga jimlolin Manzo Bulus da ke miƙewa har numfashi ya ƙare ba su ƙare ba. Gwanin katikis yakan zauna da fensir ya sa alama inda zai ja numfashi da inda zai sassauta murya. Idan yana horar da matashin da zai yi karatu, sai ya tsayar da shi a gaba, shi kuma ya koma can ƙarshen ɗaki wajen ƙofa, inda tsofaffi da masu goyo ke zama, ya ce a karanta. Ba ya sallamar yaron sai kowace kalma ta iso shi a can. Dalilinsa a fili yake: da yawa daga cikin masu sauraro ba su iya karatu ba, abin da kunnensu ya kama ranar Lahadi shi ne rabonsu na mako.

Ita sujadar Lahadin da babu Fada tana da tsarinta, wanda fadar Paparoma ta fitar da ƙa'idojinsa a 1988. Ana buɗewa da waƙa da neman gafara, a yi karatu da Zabura, a karanta Bishara, a yi bayani, a furta shaidar bangaskiya, a yi roƙo don Ikilisiya da ƙasa da marasa lafiya, a yi godiya, a yi Addu'ar Ubangiji. Idan Fada ya bar tsarkakakkiyar gurasa daga Mas ɗin da ya yi a baya, kuma bishop ya ba katikis izini, sai a raba Jibin Ubangiji. Wanda ya leƙo ta taga zai iya zaton Mas ake yi, amma ba Mas ba ce, kuma rabin gwanintar katikis yana wajen kiyaye wannan bambanci. Ba ya karanta addu'ar tsarkake gurasa da ruwan inabi, domin ta firist ce shi kaɗai. Ba ya gaishe da jama'a da gaisuwar da aka keɓe wa firist. A ƙarshe ba ya ɗaga hannu ya sa musu albarka. Yakan yi wa kansa alamar gicciye, ya roƙi albarka a kan kowa har da shi. Kujerar Fada ma ba ya zama a kanta. Tana nan a wurinta babu kowa a kai, shi yana kan tasa a gefe. Lamarin ya yi kama da na wanda maigida ya bar wa riƙon gida zai yi tafiya: shi zai buɗe rumbu ya auna hatsi, ya raba faɗan yara, ya tarbi baƙo, amma ba zai shiga turakar maigida ya kwana ba.

Kada a ɗauka wannan kamewa abu ne mai arha. Mutanen ƙauye shi suke gani kullum. Shi ya koya wa 'ya'yansu addu'a, shi ya tsaya a bakin kabarin iyayensu, Fada kuwa baƙo ne mai zuwa jefi-jefi, bayan 'yan shekaru ma a sauya shi a kawo wani. Tsohuwa za ta tare shi bayan sujada ta ce, “Malam, zuciyata ta yi nauyi, ka saurare ni ka yafe mini kawai, yaushe Fada zai zo?” Zai zauna ya saurare ta, ya yi addu'a tare da ita, ya tuna mata da jinƙan Allah, amma zai gaya mata a fili cewa sauraron furta zunubi da kwance shi ba nasa ba ne, ya kuma sa sunanta a gaba cikin waɗanda za su ga Fada. Mutumin da ake ba girma irin wannan kowace rana ya ƙi karɓar abin da ya wuce rabonsa, a ganina ya ƙware a abin da ya gagari shugabanni da yawa masu manyan riguna.

Bayanin Bishara ma haka yake. Wa'azin cikin Mas na firist ne ko dikin. A sujadar da babu su, katikis yakan karanta abin da Fada ya aiko, ko ya yi bayani da izinin da aka ba shi. A nan yake da abin da Fada ba shi da shi, wato sanin mutanensa ciki da waje. Ya san wanda tsutsa ta cinye wa masara, ya san gidan da aka kwana ana rigima, ya san 'yan'uwa biyu da ba sa ga maciji saboda iyakar gona. Wannan sani yana iya zama makami a bakin marar hankali. Katikis na kirki ba ya habaici daga gaban coci. Idan karatun ranar a kan yafiya ne, zai yi maganar yafiya yadda kowa zai ji da shi ake, ba tare da an juya ana kallon mutum ɗaya ba. Maganar 'yan'uwan nan biyu sai da yamma, a zaure, shi da su da dattijo ɗaya. Kuma ya san lokacin tsayawa, domin mai goyon da ta yi tafiyar awa guda a ƙasa ba za ta ɗauki dogon zance ba.

Ranar da Fada ya zo, aikin sai ya sauya kama. Yawancin Katolikan arewa da ke sujada da Hausa suna da wani harshen a gida: Bajju, Atyap, Adara, Gbagyi, Ngas, Kambari da sauransu. Shi Fadan kuma yana iya zama ɗan kudu ko ɗan wata ƙasa da Hausarsa ba ta nuna ba. Sai katikis ya tsaya gefensa ya zama tafinta. Fada zai faɗi jimla da Turanci ya dakata, shi kuma ya juya ta nan take, ba takarda, ba damar tunani mai tsawo. Idan Fada ya kawo misalin jirgin ƙasa ga mutanen da ba su taɓa ganinsa ba, tafinta zai nemo abin da zai isar da ma'anar ba tare da ya canza koyarwar ba. Idan Fada ya yi kuskuren al'ada, ya faɗi abin da zai zama rashin kunya a gaban surukai, tafinta zai lulluɓe shi da lafazi mai kyau. Abin da ba zai yi ba shi ne ya cusa nasa wa'azin a cikin na Fada, ko da ya san zai fi shi iya faɗa.

Amma asalin aikin, wanda ya fi cin lokaci ya fi kuma neman haƙuri, shi ne koyar da masu neman baftisma. Yara suna da sauƙi. A ƙarƙashin bishiya ake tara su, katikis ya jefa tambaya su amsa da murya ɗaya, a maimaita har ta zauna, kuma daga wajen shekara 7 ake fara shirya su don karɓar Jibin Ubangiji na farko. Manya su ne aikin. Tun 1972 Ikilisiya ta maido da tsohon tsarin shirya babba mataki-mataki: lokacin bincike da tambayoyi, sannan a karɓe shi a matsayin mai koyo, ya yi shekara ɗaya ko biyu ko fiye yana zuwa aji yana halartar sujada, a rubuta sunansa a farkon azumi, a yi masa addu'o'i na musamman a Lahadi ta 3 da ta 4 da ta 5, sannan a yi masa baftisma a daren Ista. Fada ne zai zuba ruwan, amma kafin nan zai juya ya tambayi katikis ko wannan mutum ya shirya. Amsar tana bukatar ido mai gani. Akwai wanda ya haddace kowace amsa amma har yanzu yana dukan matarsa. Akwai tsohuwar da ba ta iya jera dokoki goma a tsare ba, amma tun da ta fara zuwa aji ta koma gaida kishiyar da suka yi shekaru ba sa magana. Katikis da ya san aikinsa zai ce wa na farko ya ƙara shekara, ya tsaya wa ta biyun a gaban Fada.

A cikin Maguzawan ƙasar Kano da Katsina da Zazzau, da sauran al'ummun da suka shigo daga addinin gargajiya, akwai tambayoyin da ba a samun amsarsu a shafi ɗaya. Mutum zai ce an yi rashin lafiya a gidansu, dangi sun haɗa kuɗin yanka, shi ya bayar ko ya ƙi? Wani yana da mata biyu ko uku tun kafin ya ji Bishara. Dokar Ikilisiya ta ce idan zai yi baftisma mace ɗaya zai riƙe, ta kuma wajabta a tabbatar an biya bukatun sauran bisa adalci da ƙauna. Faɗar wannan a aji minti ɗaya ne. Zama da shi a gidan da ke da 'ya'ya da ɗakuna da gonaki da surukai kuwa aikin shekaru ne, kuma akwai dattawan da suke ci gaba da zuwa coci a matsayin masu koyo har tsufa saboda ba za su iya sallamar kowa ba. Katikis ba ya sassauta musu dokar, domin ba tasa ba ce, ba ya kuma korarsu. Yana ajiye musu wurin zamansu, yana koyar da 'ya'yansu, yana zuwa gaisuwa in an yi musu rasuwa. Ina ganin a nan ne ake bambanta wanda ya karanta katikisim da wanda ya iya aikin katikis.

Da dare kuma ƙofarsa ake bugawa. Jariri ya zo bai cika wata ba, numfashinsa na sama-sama, Fada na nesa. A irin wannan hali dokar Ikilisiya ta yarda katikis, ko ma kowane mutum mai niyyar yin abin da Ikilisiya ke yi, ya yi baftisma. Ruwa zai zuba a kan jaririn yana faɗin kalmomin da aka tsayar, da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba ƙari ba ragi. Muhimmancin wannan ya fito sarai a 2020, lokacin da fadar Paparoma ta yanke cewa baftismar da aka yi da lafazin jam'i, mai yi ya ce “mu” maimakon “ni”, ba ta yiwu ba sam, sai an sake. Don haka katikis yakan koya wa ungozomomi da matan zumunta kalmomin daidai, saboda su ne ke ɗakin haihuwa lokacin da namiji ba zai shiga ba. Da gari ya waye zai rubuta sunan jariri da na iyaye da ranar da wanda ya shaida, ya aika wa farish. In yaron ya rayu, Fada zai cika sauran addu'o'in, ba a sake zuba ruwa.

Wajen babba marar lafiya kuwa, zai iya kai masa Jibin Ubangiji a ɗan ƙaramin gwangwanin da aka tanada don haka, in yana da izini, zai iya karanta masa Zabura ya zauna da iyalinsa. Shafa mai na marasa lafiya dai sai firist. Saboda haka ake so ya iya karanta jikin majinyaci, ya san ciwon da zai jira zuwan Fada na wata mai zuwa da wanda dole a tayar da yaro da babur a daren nan. In ya yi garaje kullum, Fada zai gaji da kiran da ba na gaggawa ba alhali wasu rassan na jira. In ya yi jinkiri sau ɗaya, mutum zai tafi bai sami abin da ya roƙa ba. Idan rai ya yi halinsa, shi zai jagoranci addu'a a gida da bakin kabari, a ajiye Mas ɗin mamaci sai Fada ya samu zuwa.

Akwai kuma littafin rajista, wanda ba mai yabon katikis saboda shi. Waye aka yi wa baftisma, wa ke neman aure, an yi shelar auren a coci ko ba a yi ba, akwai dangantakar jini tsakaninsu, ɗayansu ya taɓa aure a wani gari? Katin baftisma ya zama wa mutane da yawa a karkara takarda ta farko da ke ɗauke da ranar haihuwarsu, kuma daga rubutun hannun katikis take farawa.

Wannan aiki ba sabo ba ne, kuma ba don cike gurbi na ɗan lokaci aka ƙirƙiro shi ba. Lokacin da firistocin ƙungiyar 'yan mishan ta SMA suka isa Shendam a 1907, su kaɗan ne, harsunan ƙasar kuma ba su a bakinsu. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin mishan a cikin masarautun Musulmi, don haka Ikilisiya ta fi yaɗuwa a tsakanin al'ummun da ke bin addinin gargajiya, kuma ta hannun malamin makarantar ƙauye ta yaɗu, wanda ke koyar da boko da safe, katikisim da yamma, ya ja sujada ranar Lahadi. Da gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, malami ya koma ma'aikacin gwamnati, aikin katikis ya tsaya da ƙafarsa, albashin da ke tallafe da shi kuma ya tafi tare da makarantar. A sauran Afirka ma labarin bai bambanta ba. A Madagaska, da yaƙi ya ɓarke da Faransa a 1883 aka kori 'yan mishan, Victoire Rasoamanarivo da wasu 'yan ƙasa ne suka riƙe cocin kusan shekara 3 ba firist ko ɗaya. A arewacin Yuganda, Daudi Okelo da Jildo Irwa, samari biyu da ba su kai shekara 20 ba, sun tafi Paimol koyar da katikisim, aka kashe su a can a 1918, Paparoma John Paul na Biyu ya sa su cikin masu albarka a 2002. A Burkina Faso ana tunawa da Alfred Diban, mahaifin masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo, a matsayin Kirista na farko a ƙasar kuma katikis.

Babban taron Vatican na Biyu ya yaba wa masu wannan aiki a takardarsa ta 1965 kan aikin mishan, ya kuma nemi a buɗe musu makarantu a biya su abin da zai riƙe su. Amma sai a ranar 10 ga Mayu, 2021 Paparoma Francis ya fitar da takardar Antiquum Ministerium, ya mai da aikin katikis hidima tabbatacciya da bishop ke ɗora mutum a kanta a gaban jama'a, namiji ko mace. A watan Janairun shekarar ya riga ya buɗe wa mata hidimar karatu da ta bagade a hukumance. A ranar 23 ga Janairu, 2022 ya ƙaddamar da rukunin farko a Roma, cikinsu har da wata mata daga Kumasi ta ƙasar Gana. Na ji daɗin wannan mataki, ko da yake matan da ke tara yara a ƙarƙashin mangwaro a Kafanchan ko Kontagora sun daɗe suna yin aikin kafin takarda ta iso.

A ƙasar Hausa, sunan Malumfashi ba ya rabuwa da wannan tarihi. Cibiyar horar da katikis da ke can ta daɗe tana yaye mutanen da suka bazu a ƙauyukan arewa, suna koyon Littafi Mai Tsarki da koyarwar Ikilisiya da yadda ake jan sujada da Hausa. Da aka yanki dayosis ɗin Katsina daga na Sakkwato a 2023, wanda aka naɗa bishop na farko, Gerald Mamman Musa, Bahaushe ne kuma ɗan katikis. Gidajen irin waɗannan mutane sun ba Ikilisiyar arewa firistoci da sistoci masu yawa, domin yaron da ya tashi yana ganin ubansa na shirya karatun Lahadi da fitilar ƙwai ya riga ya fara makaranta.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake barin su da nauyin su kaɗai. A shekarun nan na 'yan bindiga, idan hanya ta yi hatsari har Fada ya kasa zuwa, katikis yana nan, domin garinsu ne, gonarsa da iyalinsa a nan suke. An sace wasu, an kashe wasu, wasu sun bi jama'arsu gudun hijira suna tara su sujada a harabar makaranta. Kuma ko a zaman lafiya, kowace awa da ya yi a aji ko a gefen marar lafiya, daga gonarsa aka cire ta. A ƙauyukan da jama'a suka gane haka, sukan sa rana su yi masa gayya a lokacin noman farko da na girbi, matan zumunta su kawo kunu da abinci, matasa su zo da fartanya. A irin waɗannan wurare ajin masu neman baftisma yana tafiya rani da damina. Inda ba a yi, ajin ne ke fara tsayawa da zarar ciyawa ta taso a watan Yuli, kuma sai bayan an kai amfanin gona gida ake sake buɗe shi.